Yanzu Ba Sai Na Fita Ba

Ana tsakiyar addu'a wayar Suhaib ta fara rawa a aljihunsa. Ranar sadakar ukun mahaifiyarsa ce, zauren gidansu na Kusfa cike da masu gaisuwa. Bai ɗauka ba sai da aka shafa.

Malam Jalo ne, manajan wani ƙaramin asibiti a Kufena, inda Suhaib ke kula da kwamfutoci da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin marasa lafiya.

"Malam Suhaib, ya ƙarin haƙuri? Wallahi da kunya nake kiranka. Sabar nan ta sake tsayawa, ga marasa lafiya a layi, an kasa buɗe fayil ɗin kowa."

"Ba komai, Malam. Bari in duba."

Irin wannan kiran ne ya fitar da shi ranar da Inna ta cika. Tana riƙe da hannunsa, ya zare a hankali ya ce, "Yanzu zan dawo, Inna." Ɗakinta ginin ƙasa ne mai kauri, sabis ba ya shiga. Ya fito dakalin ƙofar gida, ya shiga sabar asibitin daga nesa, ya buga layin umarni ɗaya tak, ta tashi. Yana rufe kwamfutarsa ya jiyo salati daga cikin gida.

Yau ma a dakalin ya zauna. Ya tayar da sabar, amma bai rufe kwamfutar ba. Ya daɗe yana cewa zai rubuta ɗan umarnin kwamfuta da zai riƙa leƙa sabar a kai a kai, in ta yi shiru ya tashe ta da kansa, ya turo masa saƙo. Kullum sai ya ce gobe. Ya fara bugawa, idanunsa na cikowa yana sharewa da hannun riga. Da ya gama ya dubi abin, ko rabin allo bai cika ba.

Ya kashe sabar da gangan, ya naɗe hannu. Can sai waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo: sabar ta tashi da kanta.

Yayansa Haidar, wanda tun jana'iza bai ce masa uffan ba, ya fito ya tsaya a kansa.

"Har yau ma aikin ne?"

"Na gama, Yaya. Yanzu ba sai na fita ba."

Haidar ya zauna gefensa. Wani mai Keke Napep ya wuce, ya ɗaga musu hannu.

"Yaya," Suhaib ya ce, "ta neme ni?"

Haidar ya juyo ya dube shi.

"Na miƙe zan kira ka, ta riƙe mini riga. Ta ce a ƙyale ka, marasa lafiya na jiranka."

Suhaib ya kifa kansa a kan gwiwa. Haidar ya janye kwamfutar daga cinyarsa, ya rufe ta a hankali.