Kujerar Baya

Shekara ashirin da bakwai Malam Sannu-sannu yana koyar da tuƙi, bai taɓa fasa ko fitila ba. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, don kalmar ba ta barin bakinsa. Sai ga shi sabuwar motar da ya saya wa makarantarsa, wata biyu da fitowarta daga leda, ta kwashe shi ta jibga a kan dakalin titi, da rana tsaka, yana kan sitiyari, ɗalibai uku na zaune a baya suna jiran layinsu.

Ya san ciwon motar. Idan babu kowa a baya, lafiya lau take tafiya. Da zarar an zauna, gindinta ya dinga lilo, a kwana kuma ta ja hagu. Sau huɗu yana mayar da ita kamfanin da ya sayar masa. Kowane zuwa, bakanikensu zai shiga shi kaɗai, ya zaga harabar da aka shafe da siminti, ya rubuta cewa ba a ga matsala ba.

A zuwa na huɗu manajan ya fito da kansa, ya dafa masa kafaɗa a gaban masu saye.

"Baba, mota ƙalau take. Wani lokacin hannu ne ke tsufa."

Aka yi dariya. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa unguwa. Iyaye biyar suka janye 'ya'yansu. Mai makarantar tuƙi ta tsallaken titi ya fara gaishe shi da, "Malam, ya hannu?"

Matarsa ta ce ya kai ƙara. Ya ce a'a, kotu ba ta zama a kujerar baya.

Ranar Asabar ce kamfanin ke ba masu son saye damar ɗana mota a harabar. Malam ya wanke tasa, ya faka daidai bakin ƙofarsu, a gefen da ba nasu ba. Duk wanda ya fito da takardar talla a hannu, sai ya tare shi da ladabi.

"Ranka ya daɗe, irin wadda ka gani ce. Zo ka gwada ta a titin gaske, kyauta. Iyali su shiga baya."

Ba ya kushe motar. Kujerar mai koyarwa yake zama, ya nuna hanya: miƙe, gargada biyu, sai kwanar gidan mai. A nan fuskar mai tuƙi take canzawa. Wani likita ya fito yana duba taya. Wata ta ce wa mijinta, "Wallahi ko kyauta ba na so."

Asabar uku ya yi yana haka. A ta huɗu ya samu wata mata da ta zo saya wa ma'aikatarta motoci goma sha biyu. Ita ta tuƙa, abokan aikinta uku a baya. Suna dawowa, manajan ya tsallako da sauri, ya sunkuyo ta tagar Malam, ya rage murya.

"Baba, mu yi magana a ofis. Akwai sanarwa daga masana'anta. Shokozoban baya ne, duk na wannan zubin. Za mu canza maka yau."

"Tun yaushe sanarwar?"

Manajan ya kalli ƙasa. "Ta ɗan jima."

"Kafin hatsarina ko bayansa?"

"Kafin."

Malam ya sauke sauran gilasan motar ɗaya bayan ɗaya. Matar ta kashe injin. Ɗaya daga na baya ya riga ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

"Yaro, injin na aiki ban ji ka da kyau ba," in ji Malam. "Miƙe tsaye ka maimaita. Fara daga ranar da takardar ta iso teburinka."