Sarƙar Mashin ɗin Jerome

Mashin ɗin na Jerome ne. Da zai tafi kwas na wata shida a Jos, ya bar wa ƙanensa Ernest makullin, ya ce ya riƙa tayar da shi kada batir ya mutu. Ba irin wanda aka saba gani a titunan Gombe ba ne: silinda biyu, ƙarfin ɗari shida da hamsin, babu rufin roba ko ɗaya, inji da lagireto duk a fili. Ernest, malamin kimiyya a wata sakandare a Arawa, ya fara hawansa zuwa aiki, daga baya zuwa ko'ina.

A wata na biyar wani gurnani ya fara fitowa daga ƙasa duk lokacin da yake tafiya. Kanikawa uku suka duba, duka ukun suka ce sai an buɗe inji. Babu wanda ya taɓa buɗe irinsa a cikinsu, kayansa kuma babu su a garin. Jerome zai dawo ranar Asabar. Ranar Alhamis da hantsi Ernest ya kai mashin ɗin unguwar Dawaki, rumfar wani tsohon bakanike mai suna Iro, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan mashina a Kano.

"Kashe shi," in ji Iro.

"Baba, ai ba ka ji ƙarar ba tukuna."

"Tun daga kwana na ji ta. Zauna a kai kawai. Saki jikinka, ba hoto za a ɗauke ka ba."

Ernest ya zauna, ya saki nauyinsa. Tsohon ya tsuguna, ya danna sarƙar da yatsa ɗaya. Ko motsi ba ta yi ba.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

"Ni na sa. Na ga tana lilo, na kai wa mai gyaran acaɓa na bakin layinmu, ya ja ta sosai."

"Ya ja ta kam. Acaɓa ma ba so yake ba, haƙuri yake yi. Wannan kuwa ba ya haƙuri. Lilon nan da ka gani, da gangan aka bar shi. In ka zauna, baya ya yi ƙasa, sarƙa ta miƙe. In babu sarari, sai ta ja abin da ke riƙe da ita."

Ya nuna wuri biyu. Ɗaya a jikin inji, inda ƙaramin faranti mai haƙora yake jan sarƙar. Ɗaya a cibiyar tayar baya. A kowane wuri akwai boris, zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a ciki. In na taya ne ya lalace, aikin yini ɗaya ne. In na inji ne, kanikawan can sun yi gaskiya.

Iro ya sassauta sarƙar, ya ɗaga bayan mashin ɗin a kan wani ƙarfe da ya ƙera da kansa. Ya leƙa wajen maƙwabcinsa mai walda, ya roƙe shi ya kashe janareto. Layin ya yi tsit. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya kafa tsininta a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido.

"Juya tayar. A hankali."

Ernest ya juya ta. Ya ƙirga zagaye goma sha ɗaya. Fuskar tsohon ba ta nuna komai ba. Iro ya mayar da tsinin kan cibiyar taya, zagaye biyu kacal ya buɗe ido, ya miƙa wa Ernest sukudirebar.

A jikin inji Ernest ya ji wani sauti mai laushi, kamar ana tankaɗen gari a ɗaki na nesa. A cibiyar taya ya ji tsakuwa tana birgima, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago, ya kalli ƙarfen da ke hannunsa, ya sake mayar da kunne. Bai taɓa sanin ana jin cikin abu haka ba tare da an buɗe shi ba.

"Injinka lafiya lau," in ji Iro. "Da ka ƙara mako biyu, da ba haka zan ce ba."

Ya fitar da boris ɗin, ya goge gefensa da tsumma har lamba ta fito, ya aiki Ernest wajen masu sayar da kayan injin niƙa. Suna da shi, lamba ɗaya. Da ya kawo, Iro ya naɗe shi a leda, ya kai wa maƙwabciyarsa Kande mai zoɓo ta sa masa a firiza.

"Da ƙanƙara kake so ko haka?" ta tambaya.

"Ki dai lura kada ki sayar min da shi."

Bayan sallar azahar ya ɗauko shi da sanyinsa, ya aza a ramin cibiyar da ta sha rana. Da ɗan ƙwanƙwasa uku ya zauna daram. Shekara tara Ernest yana koya wa ɗalibai cewa ƙarfe yana tsukewa da sanyi, a kan allo. Yau ya tsaya yana kallonsa da idonsa.

Iro ya daidaita sarƙar, ya bar mata lilon yatsu biyu, ya miƙa wa Ernest tsohon boris ɗin. "Wannan na mai mashin ne. Ka ba shi da hannunka."

Ernest ya kama hanyar garin Kwadon. Babu gurnani, sai muryar inji da iska. A bakin gari ya tsaya, ya cire hular kwano, ya kira Jos.

"Yaya, akwai abin da na yi wa mashin ɗinka."

"Ka kayar da shi?"

"A'a. Na sa an ɗaure sarƙa har boris ya ci."

Jerome ya tambaya: "An buɗe injin?"

"Ba a taɓa shi ba. Da kunne mutumin ya gano."

"Ranar Asabar ka ɗauko ni a tasha," in ji Jerome. "Kafin gida, ka fara kai ni wurinsa."