Agogon da Bahago Bai Sata Ba

Matakala hamsin da biyu ce tsakanina da titi. Na ƙirga su ranar da aka hau da ni, bayan na karye a ƙugu. Wata bakwai ke nan ban sake taka ko ɗaya ba.

Ɗakin da 'yata Auta ta ba ni gado ne da kujera da taga ɗaya. Da aka kwashe shagona, ta sa aka kawo mini tsohon agogon bango, wai ya ɗebe mini kewa. Na buɗe bayansa zan share, sai hannuna ya taɓa wani ƙullin tsumma.

Agogon hannu ne na zinariya. Tun ban gama kwancewa ba na gane shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani ɗan kasuwa ya kawo shi gyara, sai agogon ya ɓace. Na ce Bahago ne ya ɗauka. Bahago ma'aikacina ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya rantse, ban saurare shi ba. Na sa aka rubuta wa ƙungiyar masu gyaran agogo takarda, suka cire sunansa. Tun daga ranar ba mai ba shi teburi a layinmu. Batir yake sayarwa a bakin tasha.

Ashe ni na ɓoye abin da hannuna. Haka nake yi da kaya mai tsada, in sa shi cikin agogon bango inda ɓarawo ba zai duba ba. Na sa, na manta.

Ƙungiya ba ta karɓar magana ta waya. Da takarda aka cire shi, sai da takarda za a mayar da shi. Sau ɗaya suke zama a shekara, kuma Asabar ɗin nan mai zuwa ce. In ta wuce, sai baɗi.

Aji uku na yi a makaranta. Ga hannun yanzu ko cokali na ɗauka sai ya yi rawa.

"Ina son in rubuta takarda," na ce wa Auta.

"To faɗa mini, Baba, in rubuta."

"Ba taki ba ce."

"Au! Ko budurwa ka yi ta taga?"

Ban yi dariya ba. Ta fita, ta dawo da tsohuwar kwamfutar mijinta, ta ɗora mini a cinya. Ta ce ta sa mini manhaja biyu. Ɗaya in na yi magana sai ta rubuta. Ɗayar kuma ta karanto mini abin da aka rubuta.

"Nawa?"

"Kyauta ce."

"Abin kyauta ba ya aiki."

"Kai ma kyauta muke ajiye ka, Baba, ga shi kana aiki." Ta nuna mini jan maɓalli, ta ɗauki jakarta ta tafi asibitin da take aiki.

Na danna. Na sunkuya, na faɗa a hankali: "Ni ne na yi kuskure." Allon fari tas. Na sake. Babu ko ɗigo. Na gwada da wata magana, da muryar da nake tsawata wa yaran layi: "Yau Laraba." Nan take ta rubuta.

Sai na gane. Wannan abin ba ya jin raɗa.

Bangon ɗakina katako ne. Bayansa falo, a nan mijin Auta yake aikin ofis ɗinsa tun safe har la'asar. Ina jin ƙas-ƙas ɗin yatsunsa. In ina jin yatsunsa, shi zai ji bakina. Mutumin nan har yau durƙusawa yake in zai gaishe ni. Ranar da ya zo neman Auta, ni na ce masa gidana ba a ƙarya, ba a zalunci.

Laraba ta wuce. Alhamis na jira ya fita, bai fita ba. Na rufa bargo a kaina da kwamfutar, zafi ya kusa kashe ni, ta rubuta kalma biyu ta tsaya. Na duba taga, hawa uku ne. Na duba ƙofa, matakala hamsin da biyu. Agogon bangon yana ta bugawa a kaina.

Juma'a da hantsi na danna jan maɓallin, na gyara zama.

"Zuwa ga shugabannin ƙungiya," na ce da ƙarfi. "Bahago bai saci agogo ba. Ni na ɓoye shi na manta. Ƙazafi na yi masa."

Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

Na ji an ja kujera a hankali, an ɗauki makulli. Zai fita ne ya rufa mini asiri.

"Malam!" na kira. "Dawo ka zauna. Takardar tana son shaida."

Ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Na ƙarasa a gabansa. Layi tara. Na ce a mayar wa Bahago sunansa, a ba shi teburina da kayan aikina. Sannan na danna ɗaya manhajar, don ban yarda da karatuna ba. Wata muryar mace ta karanto komai daga farko, ba kunya, ba tausayi. Muka saurara mu biyu.

"Akwai gyara, Baba?" ya ce.

"Babu."

Ya bugo ta a takarda. Ya riƙe mini gefen, na sa hannu, sunan ya karkace. Shi ma ya sa. Na miƙa masa ƙullin tsumman.

"Wannan ka haɗa da takardar ka kai wa ƙungiya, su nemi mai shi. Kwafi ɗaya ka kai tasha. Ka ba Bahago a hannu."

"In ya tambaya ina kake fa?"

"Ka faɗa masa. Ka ce ba na iya sauka."

Ta taga na ga shi ya tsallaka titi da ambulan a hammata. Na rufe kwamfutar. Na juya kujerata ta fuskanci ƙofa.

Bahago yana jan ƙafar hagu in yana tafiya. In ya hau, zan gane shi tun daga matakalar farko.