Akuyar Kirsimetin Maman Edith

Shekara goma sha tara Malam Mikail, limamin layinmu a Hausari, yana yanka wa gidan Jonathan akuyar Kirsimeti, don mu maƙwabta Musulmi mu ci hankali kwance. Shekarar da yaran daji suka harbe Jonathan a hanyar Damboa, sai Malam ya gano akwai shubuha a lamarin yankan.

Matar marigayin, Maman Edith, ta same ni a rumfata ta faci.

"Baba Ajimi, ƙannena sun dame ni in kwashe yara in koma Biu. Na ce ina da mutane a nan. In bana ba mai cin abincina, to ba ni da kowa, gara in tafi."

Na tari Malam a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, wane littafi ne ya sauko bana?"

"Ajimi, ka kiyayi bakinka."

"Kai ka karanta mana haƙƙin maƙwabci. Ban ji ka ce sai mai salla ba."

Ya rage murya. "An turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Sun san gidana."

Tsoro na sani, amma ba sai an naɗa masa rawani ba.

Ni ba malami ba ne, asuba ma ba kullum muke haɗuwa da ita ba, sai dai na iya bisimilla. Ranar Kirsimeti na jawo akuyar har bakin titi.

"Tsoho, duniyar ce ta ishe ka?" in ji matata Hajja Kellu.

"Riƙe mini ƙafa."

Ta riƙe, tana zagina da Kanuri.

Shinkafa ta nuna, amma ba wanda ya aiko da kwano. Maman Edith ta zauna gaban tukunya tana kallon hanya.

Da aka idar da azahar sai ga Malam, jama'a na kallonsa. Ya zauna a bencin ƙofar gidan Maman Edith, ya ce a zubo. Ya ɗaga tsoka ya juya ta.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Ko taya aka yanka?"

"Ya halatta dai?" na tambaye shi.

"Da ƙyar. Baɗi kada a sake ba ka wuƙa, ni zan yi."

Kafin ya suɗe hannu, kwanuka sun fara fitowa daga gidaje. Wayar Maman Edith ta yi ƙara, ƙanenta ne daga Biu.

"Ka bar maganar turo mota ta kwashe mu," ta ce, "ina da baƙi."