Babban Yatsan Ustad Barkat

Shekara talatin Ustad Barkat yana feraye ƙarfe a masana'antar fankoki ta Chaudhry Liaqat a Gujranwala ta ƙasar Pakistan, kuma bai taɓa yarda da wani ma'auni ba sai babban yatsansa. Ƙarfe na juyawa zai ɗora yatsan, ya lumshe ido, ya ce a ƙara ko a bari. A hannunsa Tanveer ya koyi aiki kafin ya zama injiniya, har aka ɗora masa shigo da sababbin injina masu kwamfuta. Chaudhry ya yanke magana: wanda bai iya su ba zuwa Juma'a ya kama gabansa. Tanveer ya ci alwashin tsohon ba zai tafi ba.

Sabon injin ba ya tashi sai an rufe ƙofarsa. To, yatsa fa? Ranar Laraba Tanveer ya tarar Ustad ya ɗaure makullin ƙofar da waya don injin ya ɗauka a rufe take, ƙofa a wangale, inji na gudu. Ya zaro filaya ya datse wayar.

Marin da ya sha a hannun Ustad sai da ya ga wuta. Bai gama dawowa hayyacinsa ba aka shaƙe masa kwala, aka gwara kansa da bango.

"Ni za ka koya wa ƙarfe? Kai da na share wa majina?"

"Ustad, wannan ba ya jiran kowa, da kansa yake sauya wuƙa!"

"Ubanka ne ya ƙera shi? Matsa can, ɗan takarda!"

Tanveer ya tofar da jini haɗe da guntun haƙori. Zuciya ta ɗebe shi, irin wadda ba ta shawara. Yana kallo tsohon ya sake ɗaure waya ya miƙa hannu, ga jan maɓallin tsayarwa dab da gwiwar hannun Tanveer. A ransa ya ce bari ya ɗan tsorata tukuna.

Ƙarar ba ta wuce ta karya rake ba. Jini ya yi feshi a gilashi, ya gangara cikin farin ruwan sanyaya ƙarfe. Sai a lokacin Tanveer ya daki maɓallin.

Ranar Juma'a Chaudhry ya aike shi asibiti da takardar sallama da tawada, don Ustad bai iya rubutu ba, dangwalawa yake yi. Tsohon ya ɗago hannun damansa da ke naɗe da bandeji, babu babban yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo hagun.

"Riƙe min, ɗana. Ban saba da wannan ba."

Tanveer ya kama yatsan, shi ya danna masa a takardar.