Gemun Bosun

Ciwon mantuwa ya kwashe wa Ekow Bentsil kusan komai kafin ya kai ga karensa. Sunayen 'ya'yansa sun tafi tun bara. Hanyar coci ta bi su. Matarsa Araba, wadda suka yi shekara arba'in da ɗaya tare a gidansu na Takoradi, yanzu Madam yake ce mata, in ta kawo masa koko ya yi mata godiya cikin ladabi kamar baƙon da aka sauka. Amma da zarar Bosun ya shigo falo, sai fuskar tsohon ta buɗe.

"Ga mutumina," zai ce, ya kama gemun karen da yatsu biyu yana ja a hankali. "Ina ka shiga tun safe, ɗan banza?"

Bosun shinauza ne, irin ƙananan karnukan Jamus ɗin nan masu launin toka, da gemu da girar ido kamar na dattijon da bai yarda da maganarka ba. Wani injiniya Bajamushe da suka yi aiki tare a tashar jiragen ruwa ne ya bar wa Ekow shi yana ɗan kwikwiyo, shekara tara ke nan. Tun daga lokacin Ekow bai bar kowa ya taɓa gashinsa ba. Ranar Asabar yakan ɗora shi kan tebur a baranda, ya rage bayan da injin aski, ya bar na ƙafafu, sannan ya zauna wa gemun da almakashi har rana ta take. Araba tana kwasar burodi daga tanda takan yi masa tsiya, ta ce da zai ba ta rabin kulawar da yake ba wa gemun nan da ta koma budurwa.

Ita ce ta ɓoye almakashin, ranar da ta same shi yana ƙoƙarin datse wayar fanka da shi. Askin ya tsaya daga nan. Tandar ma ta tsaya. Tsakanin wanka da magani da wankin zanen gado, Araba ba ta da hannun da za ta miƙa wa kare, sai dai ta zuba masa abinci. Damina ta shigo, gashin ya tsawaita ya cukurkuɗe, ya dunƙule a hammata da bayan kunne, kaska ta samu gida. In ta sa mataji sai ya yi ƙara ya shige ƙarƙashin kujera.

Ƙanwarta Kukuwa, mai shagon atamfa a kasuwa, ta zo ranar Lahadi bayan coci ta toshe hanci tun daga ƙofa.

"Yaya Araba, wannan kare ne ko tsumman goge ƙasa? Warin nan har titi."

"To ya zan yi? Hannuna biyu ne."

"An buɗe shagon askin karnuka a hanyar bakin teku. Masu kuɗi duk can suke kai nasu, har turare ake fesa musu. Kai shi jibi, ni zan zauna da maigidan."

Ranar Talata Araba ta sa Bosun a tasi ta kai shi. Mai shagon, wata doguwar mata mai farin tabarau, ta ɗaga shi ta shafa cikinsa ta yamutsa fuska. Araba ta nuna mata tsohon hotonsa a waya.

"Haka nake so ya koma. Ki dubi gemun nan da kyau."

"Kada ki damu, Mama, aikinmu ne."

Araba ta wuce karɓo maganin Ekow, layi ya riƙe ta awa uku. Da ta dawo aka fito mata da wata halitta a igiya, ta duba bayan matar tana jiran a kawo nata. Sai halittar ta kaɗa guntun bindinta ta daka tsalle ta kama mata zane.

An aske shi tas. Babu gemu, babu gira. Bakinsa ya fito siriri kamar na gafiya, idanunsa a waje, ƙafafunsa kamar tsinken tsire, fatar nan ja-ja duk tabon kaska. An ɗaura masa ɗan jan ƙyalle a wuya.

"Me kika yi masa?" in ji Araba.

"Mama, gashin ya manne da fata. Ko mataji na ƙarfe bai shiga. Da na ja, da na yage shi. Dubi ƙurajen da ke ƙarƙashi."

"Gemun fa? Na ce miki gemun."

"Shi ya fi ko'ina lalacewa, abinci ya daskare a ciki. Gashi ne ai, zai fito. Wata huɗu, biyar, kin ga ya dawo."

Araba ta san matar ba ƙarya take yi ba, wannan ne ma ya fi ci mata rai. Ta biya, ta ɗauki karenta. A cikin tasi yana ta rawar jiki a cinyarta, yana ƙamshin turaren da ba nasa ba.

Ekow yana kujerarsa a falo. Bosun ya fizge igiya ya ruga ya haye masa gwiwa kamar kullum. Tsohon ya zabura ya ture shi da hannu biyu, har karen ya bugi ƙafar tebur.

"Kai! Wa ya bar ƙofa a buɗe? Madam, fitar da abin nan!"

"Bosun ne, Ekow. Aski aka yi masa."

"Bosun yana da gemu," ya ce, yana kallonta kamar mai magana da yarinya. "Fitar da shi kafin Bosun ya dawo su yi faɗa."

Kukuwa ta fara dariya, sai ta ga fuskar yayarta ta haɗiye ta.

Araba ta ɗauka zuwa gobe zai saba. Bai saba ba. Kowace safiya sai ya fita baranda ya kama ƙarfen ƙofa ya yi ta kiran Bosun, karen kuma ya taho a guje don an kira sunansa, Ekow ya ɗaga sanda. Sau uku, sau huɗu a yini. Rana ta biyar sandar ta same shi a kwankwaso, ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Daga nan in an kira shi sai ya taho rabin hanya ya tsaya, yana duban Araba.

Abincin ma ya tsaya. Dā Ekow ba ya cin dokunu, tuwon masarar nan da ake ci da kifi, sai ya gutsura wa Bosun kan kifin, loma ɗaya tasa, ɗaya ta kare, da haka Araba take samu kwanon ya ƙare. Yanzu sai ya rufe kwanon da faranti ya ce a ajiye wa Bosun. Wata rana ya riƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Ke kika sayar da shi. Tun da kika zo gidan nan abubuwa suke ɓacewa. Bari matata ta dawo."

Ta shiga kicin ta kunna famfo don kada ya ji ta.

Kukuwa ce ta zo da dabarar zare. Ta kawo ulu mai launin toka, suka zauna su biyu, mata masu jikoki, suna tsefe shi suna ɗinka shi a jikin roba. Suka ɗaura wa Bosun a haɓa.

"Wallahi ya fi limamin cocinmu kwarjini," in ji Kukuwa.

Araba ta yi dariya har da hawaye, karon farko a wata guda. Kafin su kai ƙofar falo karen ya sa ƙafa ya tuge abin ya fara taunarsa. Ba su sake gwadawa ba.

A mako na shida Ekow ya fita neman karensa. Araba tana shanya a bayan gida, ba ta fi minti goma ba. Sai bayan azahar wani direban tasi da ya san shi tun zamanin tasha ya kawo shi, ya ce a bakin babbar kwata ya same shi zaune, ƙafa ɗaya babu takalmi, yana tambayar masu wucewa ko sun ga kare mai gemu. Ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura. Araba ta sayi kwaɗo ta sa wa ƙofar waje, ta rataya makullin a wuyanta.

A ranar ta jawo akwatin kayan askinsa daga saman kwaba. Komai na nan yadda ya jera shi: injin, mataji biyu, buroshi, sai almakashin da ta ɓoye a ciki, a naɗe cikin tsohuwar singileti, 'yar kwalbar mai. Ta ce a ranta ba wanda zai sake taɓa karen nan. Za ta jira gashin, kuma ita za ta mayar da shi yadda yake.

'Yarsu Ewuraba, da take aikin jinya a Kumasi, ta turo mata bidiyon yadda ake yi. Araba takan jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburin baranda in Ekow ya yi barcin rana, ta sa tabarau, ta tsayar ta koma baya, ta sake tsayarwa. Ta koyi cewa daga ƙarshen gashi ake fara tajewa a hau sama. Ta koyi wanke masa baki bayan kowane abinci. Ranar da ta fara kunna injin, hannunta ya kauce ta yanke masa gefen kunne. Jini ya yi ta zuba kamar ba daga ɗan wurin nan ba, ta danne da tawul tana ba shi haƙuri, shi kuma yana lasar mata hannu. Karo na biyu ta yi masa rami a baya kamar gonar da akuya ta shiga. Na uku ya ɗan yi dama.

"Mama, kin san ko gemun ya dawo ba lallai ba ne Baba ya..." in ji Ewuraba a waya.

"Na sani. Turo mini na girar, wancan ya goge."

Gemun yana fitowa a hankali, Ekow kuma yana tafiya da sauri. Tun faɗuwar nan bai ƙara miƙewa shi kaɗai ba. Wandunansa suka yi masa yawa. A wata na uku ya daina fita baranda. A na huɗu ya daina kiran Bosun, Araba ta ji sauƙin hakan kwana biyu, sannan ta gane abin da hakan yake nufi. Takan auna gemun da yatsa kowace safiya, gaɓa ɗaya, gaɓa ɗaya da rabi.

Wata Asabar a ƙarshen wata na biyar ta ga ya isa. Ta yi wa karen wanka ta busar da shi, ta ɗora shi kan tebur. Ta rage bayan, ta bar ƙafafu, ta taje girar gaba ta yanke ta a karkace, ta zauna wa gemun tana duban hoton tana cire gashi ɗaɗɗaya. Bayanta ya ƙage, ba ta tashi ba. Da ta gama ta ja da baya, sai ga Bosun, da ɗan tabo a kunne, yana hararta ta ƙarƙashin gira. Kukuwa, da ta rufe shago ta zo don wannan, ta dafa ƙirji.

"Shi ne, Yaya. Wallahi shi ne."

Karen ya ƙi shiga falo da ƙafarsa, sai da Araba ta ɗauke shi. Ta durƙusa gaban kujerar Ekow ta ɗaga shi daidai fuskarsa.

"Ekow, duba wanda ya dawo."

Ya daɗe yana kallo. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan gemun, yatsun suka zauna a wurin yadda ta ajiye su, ba su motsa ba. Bosun ya sunkuyar da kai yana jiran duka, da bai zo ba sai ya lashi yatsun sau ɗaya.

"Karenki ne, Madam?" in ji Ekow.

"Naka ne. Bosun ne."

"A'a," ya ce a hankali, ya zare hannunsa ya goge a riga. "Ni ban taɓa ajiye kare ba. Amma yana da tsabta."

Ya juya yana kallon bango. Araba ta sauke karen, ya fice baranda da sauri. Kukuwa ta kama ta ta miƙar da ita.

A baranda Kukuwa ta ɗauki tsintsiya tana tara gashin da ya zube. Ta ce ɗanta yana da fili a gidansa, yaran kuma suna son kare, in Araba ta yarda ko nauyi ɗaya ya ragu mata. Araba tana goge injin da mai, ta ce a bari tukuna, ba ta san me za ta yi da Asabar ɗinta ba in ya tafi. Ta naɗe almakashin, ta rufe akwatin. Daga ciki Ekow ya fara tari, lokacin maganinsa na yamma ya yi, ta wanke hannu ta shiga.