Kifin Dudu da Sabon Tulun Gobara

Dudu mai bandar kifi a Wara ba ta yarda da jan tulun kashe gobara ba tun ranar da ƙaninta Sahabi ya shigo da shi. Direban jirgin ruwa ne, kuma duk abin da ya zo a kwali, a wurinsa gaskiya ne. Ya ce an hana tsohon maganin kashe gobara saboda yana huda rufin sama mai tare zafin rana. Wannan sabo ne, an gwada shi a kan ɓeraye, ba su mutu ba.

"Ɓera? To wa ag gwada shi ga kihi?" in ji Dudu.

Ana gobe kasuwar Yawuri, man kifi ya ɗiga a garwashi, wuta ta kama rumfar banda. Sahabi ya fesa tulun, wutar ta mutu nan take. Kifin bai ƙone ba, kuma babu kumfa ko gari a jikinsa. Wannan tsabtar ce ta tsorata Dudu. Abin da ya kashe wuta bai bar alama ba, ina ya shiga?

Masu saye a Yawuri ba sa tambaya, ƙuda suke dubawa. Kifin da ƙuda ya ƙi, sun san an fesa masa maganin ƙwari na fiya-fiya, kuma mai shi ta gama ciniki a kasuwar. Ba a taɓa kama Dudu da haka ba, abin da take taƙama da shi ke nan.

Ta shanya kifin a tabarma, ta zauna tana jira. Matar da kullum take korar ƙuda da mafici, yau ita ce ke roƙon Allah ya kawo shi.

Can sai ga ɗaya ya sauka, wasu suka biyo.

"Kin gani, Yaya? Lahiya lau!" Sahabi ya washe baki.

Dudu ba ta yi dariya ba. An gwada a ɓera, an gwada a ƙuda, amma 'ya'yan mutane ne za su ci. Ta ɓare tarwaɗa mafi maiƙo, ta miƙa masa.

"Ci."

Sahabi, wanda bai taɓa wuce bandarta ba tare da ya yagi kifi ba, ya dubi tarwaɗar, ya dubi tulun.

"Wallahi na ƙoshi, Yaya."

Ranta ya ɓaci, don kifin aikin mako guda ne. Ta janye hannunta.

"Ɗauko hwartanya," ta ce. "Ka gina rami nesa da gulbi, mu binne kihin."